Uwar Kwalabe da Sauran Talatin da Biyar

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa. Maigadin asibitin ya ce shekara da shekaru da ita yake gyara agogonsa. Takan bi ta bayan ɗakin wanki, ta sauka matakala goma sha ɗaya, ta shiga wani ɗaki a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya tak, ita ma tagar bangon injin wuta take kallo. Ta rataye jaka. Ta wanke hannu har gwiwa, ta sa safar roba, ta fesa sifirit. Sannan, kafin ta gaida kowane ɗan Adam, sai ta durƙusa gaban wani farin akwatin ƙarfe mai kama da firij, sai dai shi ɗumi yake riƙewa, ɗumin jikin mutum daidai. Ta buɗe, ta zaro wani tire daga can ƙasa, ta duba ruwan da ke cikinsa. In ya ragu, ta cika.

Ku riƙe maganar tiren nan. Za mu dawo kanta.

Sai ta miƙe ta fito da kwalaben. Na roba ne, a kwance suke, kowace da ɗan ruwa mai launin hoda a cikinta. Takan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya zuwa hasken tagar. In ruwan ya fara komawa rawaya, ta san 'yan ciki sun cinye abincinsu, sai ta zuƙe tsohon ta zuba sabo.

"Kun ci kun ƙoshi, 'yan banza," haka take gaishe su.

Ba zagin banza ba ne. Abin da ke cikin kwalaben nan ƙwayoyin sankara ne, irin wadda ke kama ma'ajiyar ƙwan mace can ƙasan mara, ta yi ta girma shiru, mace na zaton ƙiba ce ko kumburin ciki, ba a ganewa sai an makara. Daga jikin matan da ke kwance a bene na biyu ake ɗebo su. Aikinta shi ne ta hana su mutuwa, don masu bincike su samu abin da za su gwada magani a kansa. Shekara ashirin da shida tana rainon abin da ke kashe mata. Ƙwayoyin ba su san Asabar ba, ba su san Lahadi ba, don haka ita ma ta manta da su. Mijinta ya taɓa cewa da a kwalba aka haife shi da ya fi samun kulawa. Ɗalibai suka laƙaba mata Uwar Kwalabe, sunan ya bi ta har ya danne na yanka.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Idon ya gaji, hannun ya fara rawa. Ba za a yi taro ba, don rabin ma'aikatan asibitin ba su ma san da ɗakin ba. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da ta yi shekara tara da suka wuce, tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye. Mutum uku ne: Farfesa, shugaban binciken, sai Sista mai kula da ɗakin mata, sai Auta, 'yar wata tela da ta kwanta a gado na huɗu.

Telar ta zo asibiti ciki ya riga ya cika da ruwa. Duk bayan kwana goma sai an sa allura an zuƙe shi, kuma a cikin ruwan nan ƙwayoyin suke iyo. Duk ranar zuƙa, sai Uwar Kwalabe ta hau bene da kwalbarta ta tsaya a bakin labule. Sista ta ce a karo na uku Tela ta kasa haƙuri.

"Wai ke wace ce? Kullum aka tatse ni sai ki bayyana da kwalba kamar mai jiran madara."

"Ni ce mai rainon abin da ke cikinki."

"Raino? Ni ina neman a kashe shi, ke kina ba shi abinci? Sista, wannan da mu take ko da shi?"

Uwar Kwalabe ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ta ja kujera ta zauna. Ta yi mata bayani. Kemo, wato maganin da ake ƙara wa masu ciwon a jijiya, guba ce mai kashe ƙwayoyin sankara. Matsalar ita ce ba ya kashe duka. Wasu sukan taurare, su laɓe, bayan wata shida ko shekara su dawo sun fi da ƙarfi. To garkuwar jikin mutum tana da wasu sinadarai nata, irin furotin, da take aikawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya in an yi baƙon cuta. Ɗaya daga cikinsu sunansa intafiron, amma ita 'yan aike take ce musu. Abin da Farfesa yake son sani shi ne, in aka fara tura ɗan aiken nan wurin ƙwayoyin sankara kafin kemo ya iso, shin kemo zai fi cin su?

Tela ta yamutsa fuska. "Ban gane ba, 'yar uwa."

"Kin san sabon yadi mai sitaci, yadda allura ke ƙin shiga?"

"Sai an jiƙa shi."

"To ɗan aiken shi ne jiƙon. Kemo shi ne allurar."

Tela ta yi dariya har ta riƙe ciki don zafi. Da ta huce sai ta kama hannun rigarta.

"Na sa hannu a takardarku, na yarda ku ɗebi ruwana. Amma ga nawa sharaɗin, ba a rubuce yake ba. Duk abin da suka yi a kwalbarki, ki hawo ki faɗa min. Ba irin maganar likitoci ba, ana samun sauƙi, ana samun sauƙi, mutum yana ta narkewa. Ni tela ce, da lamba nake aiki. Ki ba ni awo."

"Na yi alkawari."

Sista ta ce da ta san abin da alkawarin nan zai jawo, da ta ja labule ta raba su.

Ga yadda ake gwajin. Akwai wani farantin roba kamar girman tafin hannu, mai ƙananan ramuka casa'in da shida. A kowane rami ake ɗiga ƙwayoyi kaɗan, a ɗiga musu magani, a rufe, a sa a akwatin ɗumi kwana uku, sannan a ƙirga nawa suka mutu. Uwar Kwalabe tana da doka ɗaya da ba ta sassautawa: ramukan da ke zagaye da bakin faranti, su talatin da shida, ba a sa ƙwayoyi a cikinsu. Ruwa zalla take cika su da shi, ta yi aiki da sittin ɗin tsakiya. Ɗalibai sukan yi ƙunƙuni, su ce tsohuwa tana ɓarnar faranti. Ba ta taɓa tsayawa dogon bayani ba. Takan ce, "Na gefe su iska ke sha." Shi ke nan.

Ana cikin shirin babban gwajin a kan ƙwayoyin Tela sai ranar aikin idonta ta zo. Yanar ido ce ta rufe mata na hagu, an daɗe ana ɗaga ranar. Ta ɗauki hutun kwana shida, hutunta na farko cikin shekaru. Kafin ta tafi ta ciyar da kwalabe, ta nuna wa ɗalibai ranar da za a sake musu abinci, ta ce kada wanda ya taɓa faranti sai ta dawo.

Washegarin tafiyarta 'yar ƙaramar kwalbar ɗan aike ta iso cikin ƙanƙara, bayan wata huɗu ana jira.

Farfesa da bakinsa ya ba ni abin da ya biyo baya, yana magana yana kallon teburinsa. Ya ce ya kasa jira. Ya sauko ƙasa, ya sa farar rigar da maɓallanta suka daina haɗuwa a cikinsa, ya ɗauki siririn bututun ɗiga ruwa wanda rabonsa da shi shekara goma. Ya dubi farantin ya ce ramuka talatin da shida a cika su da ruwa kawai? Ai asara ce. Ya yi amfani da duka. Ya jera su yadda hannu ke kai mutum: kemo shi kaɗai a layukan tsakiya, kemo haɗe da ɗan aike a layin ƙarshe, can bakin faranti. Ya sa a akwati ya rufe. Tire kuwa ba wanda ya durƙusa ya duba, don ba wanda ya san ana dubawa. Shekara goma sha bakwai tiren yana cike, kowa ya ɗauka haka Allah ya yi shi.

Bayan kwana uku ya ƙirga. A layin ɗan aike, cikin kowace ƙwaya ɗari, casa'in da takwas sun mutu.

"Ban taɓa ganin Farfesa yana gudu ba sai ranar," in ji Sista. "Ya hawo bene yana haki, ya tsaya a kan gado na huɗu ya ce, Hajiya, ƙwayoyinki sun mutu a faranti, saura biyu cikin ɗari."

A ranar ya rubuta wa kwamitin asibiti yana neman izinin a haɗa wa Tela ɗan aiken a kemonta na gaba. Tela kuwa, wadda ta yi sati uku ba ta wuce cokali biyu, ta cinye abincin rana tas. Ta ce wa Auta ta je gida ta ɗauko mata almakashi, da alli, da wani shuɗin yadi da ta ɓoye a ƙasan akwati. A kan gadon asibiti ta shimfiɗa shi ta fara yanka wa kanta riga, rigar ranar sallama.

Ranar Litinin, bakwai saura kwata, Uwar Kwalabe ta dawo da auduga manne a idon hagu. Ta wanke hannu. Ta durƙusa. Ta zaro tire.

A bushe yake ƙayau, har farin gishiri ya kwanta a gindinsa.

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta ɗauko farantin Farfesa, wanda ya ajiye kamar kayan gado, ta ɗaga shi zuwa taga. Ramukan tsakiya suna nan da ruwansu. Na gefe sun ƙafe kusan rabi, launinsu ya yi duhu. Ba ta ko cire safar hannu ba ta hau ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, wa ya jera farantin nan?"

"Ni da kaina. Malama, kin ga lambar? Casa'in da takwas!"

"Na gani. Tiren ruwa ya bushe, akwatin ya koma shan ruwan faranti, kuma daga gefe yake farawa. Ruwa ya tafi, magani ya zauna ya yi kauri. Ba ɗan aike ne ya kashe su ba. Ƙishirwa ce, da guba ninki biyu."

Ya yi wata 'yar dariya. "Da ido ɗaya kika ga duk wannan?"

"Ko idon da aka rufe aka buɗe zai gani."

Ta ajiye farantin a kan takardunsa. Ya ɗaga, ya karkata shi, ya sake karkatawa. Ya ce a lokacin ya ji kamar an zare kujerar da yake kai.

"Kin san abin da kike faɗa? Na riga na gaya mata. Na rubuta wa kwamiti."

"Shi ya sa na zo kafin su amsa."

"In za a sake, sati nawa?"

"Sau uku za a yi kafin in yarda. Sai na sake tara ƙwayoyi. Sati biyar."

"Ba ta da sati biyar, Malama."

"Na sani."

"To ki bari. Ba cewa na yi ki yi ƙarya ba. Ki yi shiru kawai. Wataƙila ma lambar gaskiya ba ta da nisa da wannan."

"Wataƙila. Amma ɗan aiken nan ba ruwan sanyi ba ne, kai ka koya min. Zazzaɓi ne, rawar ɗari ce, ciwon gaɓoɓi ne kamar ana sassaƙa mutum. Za ka ɗora wa matar da ba ta kai nauyin yarinya ba duk wannan a kan busasshen faranti?" Ta ɗauki farantinta. "Kai ka janye takardar. Ni zan hau sama, na yi mata alkawari."

Ke ce kika hau matakalar nan, Uwar Kwalabe. Ba aikinki ba ne, ba a rubuta shi a takardar ɗaukarki ba. Da kin koma ɗakinki mai taga ɗaya kin cika tire kin yi shiru, ba mai tuhumarki, kuma da duk benen sun so ki. Kika hau da ido ɗaya da busasshen faranti, kina sane da cewa abin da kika ɗauko ba wanda yake so.

Ta samu Tela zaune, alli a bayan kunne, guntayen shuɗin yadi a baje kan bargo, Auta tana riƙe mata ɗaya gefen.

"Ga mai raino! Ashe 'yan rainon naki sun mutu, sai ki nemi wani aikin."

"Ba su mutu yadda aka gaya miki ba."

Ta faɗa mata komai, da tire, da ramukan gefe, da sati biyar. Ba ta ɗora laifi a kan kowa ba. Ta ce an yi kuskure a ɗakinta. Sista ta ce ɗakin ya yi tsit har ana jin ɗigar ruwan da ake ƙara wa ta gado na biyar.

Tela ta ajiye almakashin a hankali.

"Awon ƙarya ne ke nan."

"Ƙarya ne. Amma ba da gangan ba."

Tela ta dubi guntayen da ke gabanta. Ga gaba, ga baya, ga hannu biyu.

"Na riga na yanka yadin," ta ce. Ta juya fuskarta bango.

A baranda Auta ta cim ma Uwar Kwalabe. Shekararta ashirin da uku lokacin, ita kaɗai ke jinyar uwar. Ta tare ta a bakin matakala.

"Me zai rage ki da kin bar ta? Jiya ta ci abinci! Jiya ta yi waƙa! Kin san rabona da in ji Umma tana waƙa? Ke kwalabe kika sani, ba ki san mutane ba. Allah ya isa tsakanina da ke."

Uwar Kwalabe ta wuce ta. Ta sauka ta cika tire.

Farfesa ya janye takardarsa. Ya kuma janye gaisuwa. Wata bakwai in sun haɗu a baranda sai ya tuna yana da waya a aljihu. Ita kuwa ta fara daga farko. Ta raini ƙwayoyin har suka isa, ta cika ramukan gefe da ruwa, ta warwatsa na ɗan aike cikin na tsakiya don kada wuri ya sake yi musu ƙarya. Likitan ido ya ce kada ta matsa wa idon, ta matsa masa. Duk ranar Juma'a takan hau bene ta tsaya a kan gado na huɗu ta ba da rahoto, ko da bayan Tela take wa magana. Sati na farko, ƙwayoyi sun isa. Sati na biyu, zagaye na farko yana cikin akwati. Tela ba ta juyo ba. Abincin rana yana komawa yadda ya zo.

A sati na huɗu Auta ta sauko ɗakin ƙasa, karonta na farko. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta rame ita ma.

"Mama, ba faɗa na zo yi ba. Sista ta ce kwanaki ne. Kina da zagaye biyu a hannu, ko? Ki hau ki ba ta lamba. Kowace iri. Ki ce casa'in. Ki ce tamanin ma. Wa zai sani?"

"Ita za ta sani. Sau ɗaya aka ba ta awon ƙarya, kin ga abin da ta yanka."

"To ki ba ta ta zagaye biyun!"

"Ɗaya ya ce sittin, ɗaya ya ce saba'in. Ban san wanne ne mai gaskiya ba. Saura kwana huɗu."

"In ba ta kai ba fa?"

Uwar Kwalabe ta daɗe tana kallon akwatin ɗumi, kamar kallo zai sa kwana huɗu su zama ɗaya.

"In ba ta kai ba, ni zan ɗauka."

Wannan ita ce maganar da har yau mutanen benen ba su daidaita a kanta ba. Sista ta ce taurin kai ne, da ta ba ta ta zagaye biyun ta huta. Farfesa ya ce in ba irin taurin kan nan, da babu dalilin buɗe ɗakin gwaji. Ita kanta Uwar Kwalabe da na tambaye ta, cewa ta yi ba ta sani ba, kuma ba ta jin za ta taɓa sani. Ta ce kwana huɗun nan duk safiya kafin ta sauka ƙasa sai ta tsaya a farfajiya ta ɗaga kai ta dubi tagar bene na biyu, ta ga ko an yaye zanen gado na huɗu, alamar mai gadon ta rasu.

Ba a yaye ba. Ranar Talata da hantsi ta gama ƙirga zagaye na uku, ta haɗa ukun, ta sake haɗawa, ta hau sama da 'yar takarda. Tela ta zama ƙashi da ido. Sai da Auta ta jiƙa mata leɓe da auduga sannan murya ta fito.

"Mai raino. Kin zo da awona?"

"Na zo. Sittin da biyar cikin ɗari."

"Kemo shi kaɗai fa?"

"Arba'in."

Leɓen Tela ya motsa. Lissafi take yi.

"Ashirin da biyar ya ƙara. Ɗan aiken naki ba malalaci ba ne."

"Ba malalaci ba ne. Yana jiƙa yadin da gaske."

"Zai isa ya tashe ni?"

Auta ta dubi Uwar Kwalabe da idon roƙo. Sista ta ce ita ma roƙon take yi a zuci.

"A'a. A faranti ne wannan, jikin mutum kuwa ba faranti ba ne. Kuma naki jikin yanzu ba zai ɗauka ba."

Tela ta lumshe ido. Suka ɗauka ta koma barci. Sai ga wani ɗan murmushi a gefen bakinta.

"To. Wannan awon ya zauna." Ta numfasa. "Saura talatin da biyar. Ki ci gaba da ba 'yan banzan abinci, har ku gama da su."

Ranar Alhamis bayan la'asar aka yaye zanen.

Bayan shekara biyu binciken ya fito a wata mujallar masana, da lambarsa ta gaskiya, ba kiɗa ba guɗa. Sunaye bakwai ne a samansa. Nata ba ya ciki. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an gode wa ma'aikatan ɗakin gwaji. Sau biyu ƙarin girma ya zo ya wuce ta. Farfesa ya ce da ya buga casa'in da takwas, da ranar da wani ya sake gwajin a wani wuri sunansa ya zube, kuma da wasu matan sun sha zazzaɓin da ba shi da dalili kafin a gane. Na tambaye shi ko ya taɓa faɗa mata haka. Ya ce ya sha yin niyya.

Ƙwayoyin Tela suna nan. Shekara tara ke nan mai su tana kabari, su suna cikin ɗumi suna cin abinci sau biyu a sati. An gwada wasu 'yan aiken, an canza lokaci, an canza yawa. Har yanzu ba a ce ga magani ba. Matan bene na biyu suna ta zuwa a makare, gado na huɗu ya ga mutane da yawa.

Ke ce mai durƙuson da ba a gani, Uwar Kwalabe. Ke ce kika ƙi sayen farin cikin sati biyar da lambar da kika san ba ta da tushe, kika karɓi Allah ya isa a bakin matakala ba ki mayar ba. Ba ki warkar da kowa ba, kuma ba za ki yarda in rubuta cewa kin warkar ba. Abin da kika yi shi ne, duk lambar da ta fita daga ɗakinki, ana iya dafa ta a tsaya.

Makon jiya tana nuna wa wadda za ta gaje ta inda tire yake, sai aka ƙwanƙwasa. Auta ce, da goyo a baya da leda a hannu. Ita ke riƙe da keken ɗinkin uwarta yanzu. Ba su taɓa haɗuwa ba tun ranar Alhamis ɗin nan.

"An ce za ki tafi, Mama. Ina son in gan su."

Uwar Kwalabe ta ɗora kwalba a ƙarƙashin madubin hangen ƙwayoyi, ta gyara mata. Auta ta daɗe da ido a kai.

"Waɗannan ne suka kashe ta?"

"Jikokin jikokinsu ne."

"Har yanzu kina ba su abinci."

"Ita ta ce."

"Nawa ya rage?"

"Ashirin da takwas."

"Shekara tara, bakwai kawai?"

"Bakwai. Amma daga ramukan tsakiya suka fito duka."

Auta ta buɗe ledar. Shuɗin yadin ne. Ta ce shekaru yana ƙasan akwati, ba ta iya ɗinka shi ba, ba ta iya yar da shi ba, kuma awon ba zai shiga kowa ba. Sai ta haɗa gaba da baya ta yi wa madubin riga, don ƙura.

"Ban ce na yafe sati biyar ɗin nan ba," ta ce.

"Ban roƙa ba, 'yata."

Auta ta lulluɓa wa madubin rigar da hannunta. Rigar ta zauna daidai.

Mun gode, Uwar Kwalabe. Allah ya huta da idon, ya kwantar da hannun, ya saka miki da abin da mu muka kasa. Ku kuma da kuka karanta, kowa a wurin aikinsa akwai wani tire a can ƙasa da ba mai dubawa, akwai kuma ranar da za a miƙo muku lamba mai daɗi a ce shiru kawai ake so ku yi. Ranar ku tuna da matar da ta hau bene da ido ɗaya. Ranar ɗaya ga wata, bakwai saura kwata, maigadi zai dubi ƙofa bai gan ta ba. Kwalaben za su ji yunwa kamar kullum. Saura ashirin da takwas, kuma sai wani ya durƙusa.